Tsutsar Rafi a Jikin Buhu

Ranar Asabar da hantsi aka tsamo injin ban ruwan Alhaji Nuhu daga kududdufin da ke bayan gidan Ya'u. Ƙarti huɗu ne suka shiga ruwan har ƙugu, suka jawo shi cikin koren buhun taki, an tamke bakinsa da igiya. Kafin su kai shi tudu, Tungar Maje duk ta hallara, har matan da suka bar tukunya a kan wuta.

Kwana goma sha biyu ke nan da ɓatan injin daga ɗakin ajiya na lambun Alhaji, kwana goma kuma da tsare Ya'u a Zurmi. Shi ne mai kula da lambun, makullin ɗakin yana rataye a wuyansa, kuma ba a fasa ƙofa ba. Ban da wannan babu wata hujja, har alƙali ya ce in ba a kawo komai ba zuwa Alhamis zai sallame shi. To yanzu ga abin da aka kawo.

Kubra, matar Ya'u, tana tsaye a ɓarakar danga, goye da Samira 'yar wata huɗu. Tana jin abin da matan ke cewa.

"Mutum da tabon salla a goshi!"

"Ke dai bari. Bayan ɗakinai fa."

"Allah shi kyauta. Hannu dai..."

Ba wadda ta ƙarasa. Kakar farko ke nan da fara aiki da Shari'a a jihar, kowa kuma ya ji a rediyo cewa hukuncin sata ba magana ce ta baki kawai ba.

Muhtari, ƙanen Alhaji Nuhu, ya fi kowa murya. "Tun jiya nike cewa a lalube ruwan ga, aka tsaya kallona! To ga shi nan."

Kubra ba ta yi kuka ba. Ta koma ciki ta kashe wuta, ta zuba wa jakinsu harawa, ta ƙulla garin kunu da zanen goyo biyu. Ta sa hijabi, ta taka har bakin titi, ta zauna jiran motar mata mai zuwa Shinkafi.

*

Kawu Sodangi yayan mahaifiyarta ne. Shekara arba'in yana bin sawu. Fataken shanu daga Moriki har Ƙaura Namoda shi suke nema in an kore musu dabba. Idonsa yana hango mutum daga ƙarshen fage ya faɗi ko ɗan gidan wa ne, amma abin da ke kusa tsufa ya dusashe masa shi, ko zare ba ya iya zurawa a allura.

Ya saurare ta har ta gama, yana wasa da ƙafar Samira.

"Amaryata, kin ji uwarki? Kwana goma sha biyu, ruwa biyu ya sauka a kai, gari duk ya tattake wurin. Mi ya rage in bi?"

"Kawu, ban zo tambayar ko za a iya ba. Na zo in tafi da kai."

"Kubra, in kuma shi ya ɗauka fa? Ni in na bi sawu, inda ya kai ni nan nika tsayawa, ko ƙofar ɗakinki ce."

"Na yarda. Ka bi."

Ya dube ta jim kaɗan, sannan ya miƙa hannu ya ɗauko sandarsa.

*

Washegari suka tsaya a Moriki, a rumfar Ɗanbaba mai yankan makulli, don Kubra tana zargin an yanko wani a ɓoye. Ɗanbaba ya tambayi irin kwaɗon, da aka kwatanta masa ya fashe da dariya.

"Wanga kwaɗo? Baba, wa zai wahalar da kainai yanko mai makulli? Ka kawo goma irinai, makulli guda zai buɗe bakwai. Ko bakin cokali ya ishe shi."

Hanya ta toshe ke nan, don yanzu kowa a garin yana iya zama ɓarawon.

A Zurmi aka ba su minti kaɗan da Ya'u. Ya rame. Ya rantse tun ranar da ya kulle injin bai sake ganinsa ba. Sodangi ya tambaye shi wa ke jin haushinsa, ya ce shi bai sani ba. Kubra kuwa ba maganarsa take saurare ba, hannunsa na dama take kallo. Ya cusa shi a hammata ya matse, kamar mai ɓoye wani abu kar a ƙwace. Ko da ta juyo masa da Samira ya gan ta, da hagu ya shafa kanta.

*

Ran Litinin Maigari ya ba su izinin duba injin a zaurensa. Alhaji Nuhu yana zaune a gefe, fuska a murtuke, Muhtari yana tsaye a bakin ƙofa.

Sodangi ko kallon injin bai yi ba. Buhun ya jawo, wanda har yanzu da danshi a lungunansa, ya shiga shafa shi da yatsu kamar mai tayin fata. Can ya tsaya.

"Kubra, zo ki ara min ido. Mi ne wanga mai kaushi?"

Ta durƙusa. A bin ɗinkin buhun, da cikin kowace tattara, wasu 'yan ɗakuna ne manne, kowane bai fi ƙwayar wake ba, an gina su da tsakuwar yashi da guntayen tsinke. A bakin wasu akwai 'yar raga kamar saƙar gizo, ta yage. Ta fara ƙirgawa, ta wuce hamsin ta bari.

"Samo farar tasa da ruwa, da tsinken tsintsiya. Ɓalle guda a hankali."

Wata tsutsa ta faɗo cikin tasar, tsawon gaɓar yatsa, kore-kore, a lanƙwashe. Ta mutu, amma ba ta ruɓe ba.

"Dubi bayan kanta. Akwai ɓawo mai tauri?"

"Akwai. A jere, masu duhu."

"Nawa?"

"Uku."

"Ki tabbata."

"Uku ne, Kawu."

"Juya ta. Cikinta fa?"

"Wani farin gashi ne tuntu-tuntu, tun daga ƙirji har ƙasa."

"Wutsiya?"

"Ƙugiya biyu, kowace da ɗan gashi."

Muhtari ya yi dariya. "Ranka shi daɗe, an ɗauko muna mai bin sawu tun daga Shinkafi, ya zo farautar tsutsa!"

"Tsufa ne, ɗana," in ji Sodangi. "In ka kai, kai ma za ka yi abin da ya fi wanga." Ya roƙi Maigari a kulle buhun, kar kowa ya taɓa.

*

Daga nan Sodangi ya tafi da Kubra har kududdufin bayan gidanta. Ya ce ta ɗebo ciyawar ruwa cikin ƙwarya ta zauna ta zuba ido. Shekara uku tana wanki a wurin, ba ta taɓa lura ba. Wani ɗan siririn tsinke ya motsa, ya kama iyo. Da ta duba, ashe kube ne na guntayen ganye, an naɗa su zagaye-zagaye kamar naɗin rawani, da tsutsa a ciki.

"Zaro ta. Ɓawo nawa?"

"Biyu. Na biyun ma bai yi duhu sosai ba. Na ukun babu, fata ce kawai."

"Tuntun ciki?"

"Babu irin na waccan. Amma ƙafafunta na baya dogaye ne, da gashi kamar geza."

"Da su take iyo." Ya zauna a kan tushen bishiya. "Kakanki masunci ne. Tun ina ƙarami nike tsinto mai waɗannan don sa wa ƙugiyar kamun kifi, magina muka ce musu a gida. Dangi guda ne, amma ba su zama gida guda. Wagga mai naɗin ganye ta ruwan kwance ce. Waccan mai ɓawo uku ba ta yawo da ɗakinta. Tana manna shi a dutse inda ruwa ke gudu, ta saƙa raga, ruwa shi kawo mata abinci. Ki sa ta a kududdufi, ba ta daɗewa."

Kubra ta ajiye ƙwaryar a hankali.

"Ke nan buhun ba a nan ya kwana ba."

"A rafi ya kwana, cikin ruwa mai gudu. Gini sama da hamsin ba aikin kwana biyu ba ne, ya haura mako. Kuma da ya daɗe a kududdufi da sun ruɓe, da kuma mun ga 'yan naɗin ganye a jikinai. Bai fi kwana guda ko biyu a nan ba."

"Lokacin Baban Samira ya daɗe a tsare!" Ta miƙe zumbur, har yarinyar ta farka. "Kawu, mu tafi Zurmi yanzu."

"Zauna. In muka je da wanga kaɗai, za su ce ke kika ɗauko shi daga rafi."

Ta gyara goyonta, ta ƙara tamke majanyi.

"To mu je rafin."

*

Rafin Tungar Maje yashi ne kusan duka. Wuri ɗaya ne ruwa ke gudu a kan duwatsu, kuma a nan Jaji masunci yake kafa gurarsa ta kamun kifi. Tun daga nesa Kubra ta ji zuciyarta ta kama shi. Wa ya fi shi sanin ƙarƙashin ruwan nan?

Jaji bai ɓoye haushinsa ba. "Ni za a tambaya? Ni da ko kifin wani ban taɓa cirewa a gura ba? Ku duba, ga duwatsun nan, ku juya su duka."

Suka juya kuwa. Sodangi ya naɗe wando, yana ɗaga dutse yana miƙo wa Kubra. Ƙarƙashin kowane, ga maginan nan da ragarsu, masu rai, suna noƙewa. Amma babu alamar an ajiye wani abu mai nauyi.

"Duwatsun sun ƙare a nan?" in ji Sodangi.

"Akwai saura can sama, ƙarƙashin kurna. Amma ni na bar zuwa. Mako biyu ke nan Muhtari ya ce ya ga kada a wurin."

"Kada? A ruwan da bai kai gwiwa ba?"

"A da ya kai ƙugu. Kwanan nan ne ya janye." Jaji ya sosa ƙeya. "Ni ma dai na yi mamaki. Amma ƙafata biyu ce, ban da ta canji."

Ƙarƙashin kurnar, saiwoyi sun shiga ruwa sun yi rumfa. Sodangi ya zura hannu ya lalubo guntun igiya ɗaure a saiwa, an yanke ta da wuƙa. Kubra ta ɗaga wani dutse, ta ga maginan wurin sun haɗa har da koren zaren buhu a gininsu. A gaɓa kuma, inda inuwa ta hana laka bushewa, Sodangi ya tsaya ya ja da baya don ya gani sosai.

"Jaki. Ya sauko ba kaya, ya hau da kaya. Kin ga na hawan ya fi nutsewa."

"Ruwa ne ya janye, buhun zai bayyana," in ji Kubra. "Ga shi kuma an ce za a saki Baban Samira."

"Haka ne. Amma maganar kada ba ta kama mutum a gaban alƙali. Jaki kuma kowa na da shi." Ya dafa sandarsa. "Buhu jiƙaƙƙe, mai nauyi, a bayan jaki. A kan mi za a ɗora shi?"

"Akumari," in ji ta.

*

Ran Talata bayan azahar aka taru a ƙofar Maigari. Kotu ta turo muhutinta, malamin da ke taimaka wa alƙali, Malam Kamaluddeen, mutum mai tabarau da ƙarancin magana. Tun da safe Maigari ya aika an karɓo akumarin jakin Jaji, da na Muhtari, da na gidan Ya'u, ba a gaya wa kowa dalili ba. Kubra tana daga cikin zaure, a bakin ƙofa, inda za ta ji ta kuma gani. Sodangi ya riga ya gaya mata ba za a karɓi idonta a kan maganar mijinta ba, sai dai muhuti ya gani da kansa.

Aka jera tasa uku. Sodangi ya ce, "Allah gafarta Malam, ta farko daga kududdufi, ta biyu daga rafi, ta ukun kai za ka ɓallo da hannunka daga buhu."

Malam Kamaluddeen ya tattare hannun riga, ya gyara tabarau, ya sunkuya. Ya daɗe. Mutane suka fara gunaguni.

"Ta kududdufi ɓawo biyu, doguwar ƙafa. Ta rafi ɓawo uku, da tuntu a ciki." Ya koma kan ta ukun. "Wannan 'yar'uwar ta rafi ce, babu shakka."

Sodangi ya yi bayanin kwanaki, ya ajiye guntun igiyar da dutsen mai koren zare. Sai Muhtari ya ce, "To sai mi? Shi ya ɓoye a rafi kafin a kama shi, matatai ta ɗauko. Ba su da jaki ne?"

Kawuna suka juya wajen zaure. Kubra ba ta sunkuyar da kai ba.

"Suna da shi," in ji Sodangi. "Shi ya sa ga akumarinsu nan. Malam, a duba duka ukun."

Na gidan Ya'u ƙura ce da gashin jaki. Na Jaji ƙarnin kifi ne da ɓawonsa, har muhuti ya kau da hanci, aka ɗan yi dariya. Da aka zo kan na Muhtari, Malam Kamaluddeen ya shafa ya tsaya. Cikin saƙar akwai murƙusasshiyar tsakuwa, da wasu busassun abubuwa kamar ƙwayar shinkafa da ta ƙone.

"Wanke shi na yi a kududdufi," in ji Muhtari da sauri. "Tsutsar ruwa ce, ina ne babu ta?"

Muhuti ya ciro guda uku ya jefa a tasa. Ya duba, ya girgiza kai. "Sun bushe. Ba na ganin tuntun cikin."

Muhtari ya saki numfashi. Sai Kubra ta tuna da tsutsar farko da ta juya da tsinke, yadda jikin yake laushi amma bayan kan yake ƙwas-ƙwas.

"Allah gafarta Malam," ta ce daga bakin zaure. "Tuntun laushi gare shi, shi ya sa ya shanye. A bar su su jiƙa kaɗan, a ƙirga ɓawon bayan kai. Shi ba ya lalacewa."

Wani ya ce mace ta yi shiru. Maigari ya ɗaga masa hannu. Aka kawo ruwan ɗumi, aka jira. Samira ta fara ƙananan kuka, Kubra tana jijjiga ta, idonta a kan tasar.

Malam Kamaluddeen ya sa tsinke ya miƙar da guda. Leɓensa yana motsi.

"Ɗaya. Biyu." Ya ɗago tasar wajen haske. "Uku."

Ya duba ta biyu da ta ukun, duk haka. Sannan ya zaro wani ɗan koren zare daga saƙar akumarin, ya ajiye shi kusa da buhun.

Alhaji Nuhu ne ya fara magana, a hankali. "Muhtari. Ni ma ka ce min kar in bi ta ƙarƙashin kurna, wai akwai kada."

Muhtari ya dubi hanya, ya ga mutane sun cike ta. Sai ya zube a ƙasa.

"Uwa guda uba guda muke, Yaya! Lambun babanmu ne. Ka ɗauki makulli ka rataya wa bare a wuya, ni ina tsaye kamar ɗan kallo. So na yi a kore shi kawai. Wallahi ban nufi hannunai ba."

"Ranar Asabar," in ji Kubra, "da ake cewa hannu, hannu, a bayan ɗakina, kana tsaye. Kai ka fi kowa murya."

Alhaji Nuhu ya rufe fuska da hannun riga.

*

Muhuti ya ce tunda lambun gado ne da ba a raba ba, Muhtari yana da haƙƙi a cikin kayan, ba a yanke hannu a kan irin wannan, amma sharrin da ya ƙulla zai amsa shi a gaban alƙali. Kubra ta zaci za ta ji haushi. Da ta hango matar Muhtari tana jan 'ya'yanta uku zuwa gida, sai ta ga ba hannun kowa take so ba, nasu kawai take so a bar musu.

Ran Alhamis aka sallami Ya'u. Sodangi ya rako shi har ƙofar gida, ya ƙi zama, wai an kore wa wani Bafillace shanu a Banga. Ya leƙa fuskar Samira.

"Amaryata, ki gaya wa uwarki in ta gaji da daka, ina neman mai ido."

Ya'u ya tsaya a tsakar gida yana kallon komai kamar baƙo. Alhaji ya riga ya aiko da makullin lambu, yana rataye a ƙusa. Kubra ta ce ba zai taɓa shi ba sai an sauya kwaɗo.

Ta kwance majanyi, ta sauko da yarinyar, ta miƙa masa. Ya miƙo hagu. Na daman yana nan a hammata, shi kansa bai sani ba.

Ba ta saki yarinyar ba.

"Da biyu," in ji ta. "Ta ƙara nauyi."

Ya dubi hannun. A hankali ya zaro shi, ya buɗe yatsun, ya karɓi 'yarsa.